Shin lissafin ƙaramar sakandare ya fi ƙarfin yara ne?

A duk ƙarshen zangon karatu, idan ɗaliban ƙananan makarantun sakandare suka koma gida da takardun sakamako, akwai darasi guda da ya fi kowanne jawo tsaki daga iyaye da sunkuyar da kai daga 'ya'ya, wato lissafi. Tambayar da ake yawan yi ita ce, shin kayan da ake ɗora wa yaran ne ya yi musu nauyi, ko kuwa matsalar daga wani wuri take?

A garin Kanya Babba da ke ƙaramar hukumar Babura a jihar Jigawa, wannan tambaya ba ta fatar baki ba ce. Garin na da makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnatin jiha, irin wadda ɗalibi ba ya shiga sai ya kammala aji uku na ƙaramar sakandare, ya kuma tsallake jarrabawar tantancewa.

A shekarar 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a garin Babura. Can kuma a Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, ga kuma cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta jiha.

Ke nan yaron da aka haifa a Kanya Babba ko Roni ko Gwiwa zai iya zama injiniya ba tare da ya yi nisa da gida ba. Sai dai duk waɗannan ƙofofi mabuɗinsu ɗaya ne, kuma tsakanin shekara 12 zuwa 15 da haihuwa ne yaro ke samun mabuɗin ko ya kuɓuce masa.

Me ke cikin manhajar?

Ƙaramar sakandare ta shekara uku ta samo asali ne daga tsarin nan na 6-3-3-4, wanda manufar ilimi ta ƙasa ta shekarar 1977 ta zo da shi, aka kuma fara aiwatarwa a 1982. Daga baya shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, wanda tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, ya haɗe shekara shida na firamare da ukun nan suka zama shekara tara na ilimin tushe.

Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar. Duk wanda ya buɗe littafin New General Mathematics, wanda makarantu suka daɗe suna amfani da shi, zai ga fasalin abin.

A aji ɗaya ɗalibi kan yi manyan lambobi, da lissafin kaso irin su rabi da sulusi da rubu'i, da lambobin da ke ƙasa da sifiri, da ƙidayar da ba a amfani da komai a cikinta sai sifiri da ɗaya, wadda kwamfuta ke aiki da ita. A nan ne kuma haruffa ke fara shigowa cikin lissafi.

A aji biyu da na uku sai a shiga riba da faɗuwa, da kashi cikin ɗari, da kusurwoyi, da ƙa'idar Fitagoras kan alwatika, da nemo lambobi biyu da ba a sani ba a lokaci guda, da awon tsayin gini ko bishiya ta hanyar kusurwa. A ƙarshe ɗalibi ya zauna jarrabawar kammala ilimin tushe, wadda hukumar NECO da ma'aikatun ilimin jihohi ke shiryawa.

Idan aka jera wannan kusa da abin da sa'o'insu ke yi a Ghana ko Indiya ko Ingila, ba za a ga wani babban bambanci ba. Babu wani abu a ciki da ƙwaƙwalwar ɗan shekara 13 ba za ta ɗauka ba.

Amma da sharaɗi. Manhajar ta ɗauka cewa yaron da ya shigo aji ɗaya ya riga ya iya ninkawa da rabawa ba tare da ƙirga yatsu ba, ya san abin da ya sa 3 ɗin da ke cikin 305 ta fi 3 ɗin da ke cikin 35, kuma yana iya karanta tambaya da Turanci ya gane abin da ake nema.

Inda gizo ke saƙar

A shekarar 2021 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da asusun UNICEF sun gudanar da wani bincike na gida-gida a duk faɗin Najeriya, inda suka gwada yara 'yan shekara 7 zuwa 14. Tambayoyin na matakin aji biyu zuwa uku na firamare ne: karanta lamba, gane wadda ta fi girma tsakanin lambobi biyu, tarawa mai sauƙi, da cike gurbi a jerin lambobi.

Kimanin kashi 25 cikin ɗari ne kawai suka iya. A fannin karatu kuwa, kimanin kashi 27. Jihohin arewa maso yamma, ciki har da Jigawa, sun kasance ƙasa da wannan matsakaicin.

Daga cikin irin waɗannan yara ne ake cika azuzuwan ƙaramar sakandare, domin a tsarin shekara tara manufar ita ce yaro ya wuce daga firamare kai tsaye, kuma ba kasafai ake maimaita wa ɗalibi aji ba.

A wasu darussan wannan giɓi kan iya ɓuya. Yaron da bai halarci darasin tarihin Daular Usmaniyya ba zai iya fahimtar na zuwan Turawa, ya kuma haddace abin da zai rubuta. Lissafi kuwa gini ne, kowane layin bulo a kan na ƙasa yake zaune.

A ɗauki misali. Malami ya rubuta a allo: rabi a tara da sulusi. Ɗalibai da yawa za su tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, su ce biyu bisa biyar.

Kuskuren ba na ganganci ba ne. Yaron ya bi dokar da ya sani ta tara lambobi, bai kuma taɓa fahimtar cewa rabi lamba ce guda mai girmanta ba. Da ya fahimta, da ya lura cewa biyu bisa biyar ba ta ma kai rabi ba, alhali an ce a ƙara wa rabin wani abu ne. Amsar ita ce biyar bisa shida.

Wanda ya shiga aji biyu da wannan rauni zai ci karo da shi a kashi cikin ɗari, ya sake cin karo da shi a riba da faɗuwa, sannan a lissafin haruffa. A idonsa darussa uku ne masu wuya, alhali ciwo ɗaya ne ke ta dawowa.

Wani bincike da masanin halayyar ɗan Adam Robert Siegler da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, bisa bayanan ɗalibai a Amurka da Birtaniya, ya gano cewa gwargwadon yadda yaro ya iya lissafin kaso da rabawa yana ɗan shekara goma, shi ne ke nuna yadda zai kasance a lissafin babbar sakandare, ko da an cire tasirin arzikin iyaye da iliminsu.

A shekarar ce kuma masana tattalin arziki Lant Pritchett da Amanda Beatty suka yi bayanin abin da suka kira manhaja mai dogon buri a ƙasashe masu tasowa. Hujjarsu ita ce, idan koyarwa na gudu fiye da yadda ɗalibai ke tafiya, kowace shekara sai an bar wasu a baya, har a wayi gari malami na magana da 'yan layin gaba kawai, sauran kuma suna kwafar abin da ke allo.

Duk wanda ya taɓa leƙa aji mai ɗalibai fiye da yadda kujeru za su ɗauka ya san wannan hoto. Littattafan rubutun yaran cike suke fal da aiki mai tsabta, amma ka rufe littafin ka canja lamba ɗaya, sai ido ya raina fata.

Malamin ma ba shi da zaɓi sosai. Akwai tsarin darussan mako-mako da aka ba shi, kuma idan jami'in duba makarantu ya zo, abin da zai fara dubawa shi ne ko an kai inda ya kamata a kai a wannan makon.

Lissafin kasuwa da na allo

Akwai hujjar da iyaye kan kawo, kuma tana da ƙarfi. Yarinyar da aka ce ta ci sifiri a lissafi, ita ce dai ke ɗaukar tallar gyaɗa ko awara ranar kasuwa, ta ba da canji ba kuskure, ta dawo gida da kuɗi cif-cif. Yaron da ya kasa jarrabawa shi ne ke tsare wa mahaifinsa awon gero da riɗi, ya san kuɗin kwano bakwai da rabi kafin mai saye ya zaro wayarsa.

Masana sun daɗe da lura da haka. A 1985 wasu masu bincike a birnin Recife na ƙasar Brazil sun gwada yara masu sayar da kwakwa da sauran kayayyaki a bakin titi. A wurin ciniki kusan duk amsoshinsu daidai ne, amma da aka rubuta musu lissafin iri ɗaya a takarda sai da dama suka kasa.

A farkon 2025 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa wani bincike makamancin wannan daga kasuwannin biranen Kolkata da Delhi na Indiya. Cikin masu binciken akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2019.

Sun tarar yaran kasuwa gwanaye ne a lissafin ka, amma raunana a na makaranta. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kishiyar haka: 'yan makarantar da ba su taɓa ciniki ba sun fi iya lissafin takarda, amma da aka ba su lissafin saye da sayarwa mai ɗan sarƙaƙiya sai suka ruɗe.

Wannan na nuna cewa ƙwaƙwalwar ba ita ce matsalar ba. Yana kuma nuna cewa ƙwarewar kasuwa ba ta tsallakawa zuwa aji da kanta, sai an gina mata gada.

Gadar ba ta da tsada. A ce wa yaro: ka sayi wake kwano uku, ka ba ɗan dako naira 200, duka ka kashe naira 2,000, nawa ne kwano? Nan take zai cire 200, ya raba 1,800 gida uku, ya ce 600.

Abin da ya yi shi ne ainihin abin da littafi ke nufi da 3x + 200 = 2,000. Bambancin kawai, a aji an fara masa da harafin ne, aka ce ya tsallakar da 200 ɗaya ɓangaren ya canja mata alama, ba tare da an gaya masa dalili ba.

Haka lambobin ƙasa da sifiri suke. Yaron da ya san cewa mai bashin naira 500 da ya samu 300 har yanzu ana bin sa 200, ya riga ya san rabin darasin.

Batun harshe

A mafi yawan ƙauyukan Babura da Gwiwa da Roni, yaro ba ya jin Turanci sai a aji. Hausa ko Fulatanci yake ji a gida da kasuwa da masallaci. Amma littafin lissafinsa da Turanci yake, jarrabawar ma haka.

Don haka idan aka ba shi tambaya mai labari, jarrabawa biyu yake yi a lokaci guda, kuma idan ya faɗi ta farko, ba wanda zai san ko zai iya ta biyun. Kalmomin ma kan yaudare shi. Kalmar volume da ya sani a jikin rediyo, a littafin lissafi tana nufin yawan abin da mazubi ke ɗauka.

Malamai da dama kan warware wannan da dabararsu: su rubuta da Turanci, su yi bayani da Hausa. Dabarar na taimakawa a aji, amma ranar jarrabawa babu mai fassara.

Muhawarar ta daɗe a Najeriya. A 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare na shekara shida da Yarabanci, har da lissafi, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa. Rahoton gwajin ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, a fannoni da dama ma sun fi su. A maƙwabciya Jamhuriyar Nijar, an fara makarantun gwaji masu koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973.

Manufar ilimi ta Najeriya ta daɗe tana cewa a koyar da harshen gida a shekara ukun farko na firamare, daga aji huɗu a koma Turanci. A watan Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya sanar da tsawaita hakan zuwa shekara shida. Bayan shekara uku, a Nuwamban 2025, ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa, yana mai danganta yawan faɗuwa jarrabawa a wasu yankuna da koyarwa da harshen gida.

Masu sukar matakin sun ce manufar 2022 ba a ma kai ga aiwatar da ita yadda ya kamata ba, ballantana a ɗora mata laifi, domin ba a wadata makarantu da littattafai ko malaman da aka horar a kanta ba.

Ba baƙon abu ba ne

Akwai masu ganin lissafin haruffa da na kaso wani abu ne da boko ya zo da shi. Tarihi bai goyi bayan haka ba.

Kalmar aljabara kanta ta fito ne daga sunan littafin da Muhammad ibn Musa al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajajen shekarar 820, kuma babban ɓangare na littafin kan rabon gado da wasiyya yake. Daga ƙasar Hausa kuma, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741.

Har yau malamin da ke raba gado a zaure yana yin lissafin aji ɗaya na ƙaramar sakandare. A ce mutum ya rasu ya bar naira 240,000, da mata, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar na da sumuni, mahaifiyar na da sudusi.

Malamin zai fara neman asalin mas'ala, wato ƙaramar lambar da 8 da 6 za su iya rabawa ba saura, ita ce 24. Matar ta ɗauki kaso 3, naira 30,000. Mahaifiyar ta ɗauki kaso 4, naira 40,000. Ragowar 170,000 a kasa ta biyar, 'yar ta ɗauki 34,000, kowane ɗa 68,000.

Wannan asalin mas'ala shi ne abin da ɗalibi ke wahala a kai idan aka ce ya tara ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida. Abin mamaki ne yadda yaro zai je Islamiyya da yamma ya ji sulusi da rubu'i, ya je boko da safe ya ga lambobinsu a allo, amma ba wanda ya taɓa gaya masa abu ɗaya ne.

Su wa ke koyarwa?

Ba a iya maganar tushe ba tare da maganar malaman firamare ba. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar matakin aji huɗu, ta kuma ce 21,780 sun kasa samun maki 75 cikin ɗari. Ƙungiyar malamai ta NUT ta yi watsi da yadda aka gudanar da jarrabawar, amma alƙaluman sun girgiza jama'a a arewa baki ɗaya.

A Jigawa, ƙarancin malamai ya sa gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta ɓullo da shirin J-Teach na ɗaukar matasa masu takardun shaida aikin koyarwa na wucin gadi, gwamnatin Umar Namadi kuma ta mayar da dubbai daga cikinsu ma'aikatan dindindin.

Sai dai wanda ya karanci lissafi ko kimiyya yana da inda zai je, kuma ba kowa ke son zama a ƙauyen da ke nesa da titi ba. Sakamakon haka, a makarantun karkara ba abin mamaki ba ne a tarar wanda ya karanci wani fanni daban shi ke riƙe da allin lissafi. Irin wannan malami kan koyar da matakai kamar yadda ya haddace su, kuma tambayar "don me?" ba ta cika yi masa daɗi ba.

Ga kuma fashin zuwa makaranta. Lokacin shuka da noma da girbi, da ranakun kasuwa, azuzuwa kan rage cika. Mako biyu na fashi a lissafi na iya zama babi guda, babin kuma na iya zama wanda na gaba ya dogara a kai.

A rage, ko a bari?

To idan kaya ya yi wa mai ɗauka nauyi, me zai hana a rage? Najeriya ta taɓa yin haka. A shekarun 1960 da farkon 1970 an shigo da abin da ake kira lissafin zamani, wanda ya samo asali daga tarurrukan masana a Entebbe ta ƙasar Uganda. Iyaye da malamai suka yi ta kukan cewa yara ba sa gane shi, har a 1977 kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke shi.

Wasu ƙasashen ma sun gwada. Japan ta zabtare manhajarta a 2002 don sassauta wa ɗalibai, amma da sakamakonsu ya ja baya a gwaje-gwajen ƙasa da ƙasa sai ta fara mayar da abin da ta cire daga 2011. Birnin San Francisco na Amurka ya ɗage darasin aljabara daga aji takwas zuwa na tara a 2014 don kada a bar raunana a baya. Masu hali suka koma biya wa 'ya'yansu darasin a waje, kuma a 2024 hukumar makarantun birnin ta amince a dawo da shi.

Darasin San Francisco ya shafi Kanya Babba kai tsaye. Idan aka sassauta lissafi a makarantun gwamnati, makarantun kuɗi na Kano da Dutse ba za su sassauta ba, kuma jami'ar da ke Babura ba za ta rage abin da take buƙata daga mai son karatun injiniya ba. Ɗan talaka ne zai biya kuɗin sassaucin.

Inda ragewa ta yi amfani shi ne a ƙasa. Tanzaniya ta rage yawan darussa a aji ɗaya da biyu na firamare a 2015, ta mayar da mafi yawan lokacin kan karatu da rubutu da lissafi, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna yaran sun ƙaru.

A 2025 gwamnatin Najeriya ta sanar da sabuwar manhaja da ta taƙaita darussan ƙaramar sakandare zuwa tsakanin 12 da 14. A watan Oktoban shekarar kuma ma'aikatar ilimi ta ce samun kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗin shiga jami'a ga masu karatun fannonin adabi, kodayake daga baya ta fayyace cewa dole kowane ɗalibi ya rubuta darasin a jarrabawar kammala sakandare. Ga mai son kimiyya ko fasaha, sharaɗin na nan.

Komawa inda yaro ya tsaya

Hanyar da ta fi samun goyon bayan bincike ba ta taɓa manhaja. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta ɓullo da ita, kuma ana kiranta koyarwa daidai matakin ɗalibi.

Ana yi wa kowane yaro ɗan gajeren gwaji, baki da baki. Sai a ware wani lokaci a kowace rana a raba yaran rukuni-rukuni, ba bisa aji ko shekaru ba, bisa abin da kowa ya iya: masu gane lamba kawai, masu iya ɗebewa, masu iya rabawa. Ana amfani da tsinke da ƙullin tsinke goma-goma don nuna gidan ɗaya da na goma, kuma da harshen da yaron ke ji. Wanda ya iya sai ya matsa rukuni na gaba.

An gwada wannan a jihar Borno, sannan a 2019 aka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil na jihar Kano, ga ɗaliban aji huɗu zuwa shida na firamare, tare da tallafin gwamnatin Birtaniya.

Kawo irin wannan ƙaramar sakandare na da nasa cikas. Ɗan shekara 14 kan ji kunyar a zaunar da shi yana ƙirga tsinke. Shugaban makaranta kuma sai ya yarda ya sadaukar da wasu makonni na zangon farko na aji ɗaya, ya kuma iya kare kansa idan aka tambaye shi dalilin da ya sa malaminsa ke baya a tsarin mako-mako. Wannan izini daga ma'aikatar ilimi da hukumar SUBEB a Dutse zai fito.

Kafin nan, uba ko uwa na iya gano inda ɗansu ya tsaya cikin minti biyar, ko da su ba su yi boko mai zurfi ba. A tambaye shi bakwai sau takwas. A ce ya cire 178 daga 403 a takarda. A ce ya raba 96 gida huɗu. Sannan a tambaye shi wanne ya fi yawa, sulusin buhu ko rubu'insa, kuma don me.

Amsoshin su ne 56, da 225, da 24, da sulusi. Duka aikin firamare ne. Idan ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ya yi tuntuɓe a biyu daga ciki, malamin darasin yamma da za a ɗaukar masa sai ya fara daga nan, ba daga babin da ajinsu yake ba.